Ɓangare Ɗaya Shiru

Lahadi, 7 ga Satumba, da la'asar

Yau an raba ni da Ɓauna.

Bari in faɗa a tsanake, tun da takarda ba ta da maƙwabtan da za ta kai wa gulma. Ɓauna ita ce amfilifayata, tsohon akwatin sifikar da nake jona jitar bes a jikinsa. Marigayi George, mai gangunanmu, shi ya raɗa mata sunan, wai in ta yi gurnani har ƙafar benci sai ta amsa. A haguna take tsayawa, George na bayanta da farantansa na ƙarfe, ni kuma in jingina cinya da ita. In kiɗa ya yi daɗi nakan rufe ido. In lokacin tsayawa ya yi, George ya zunguro ni da sanda. Haka muka ci bukukuwan Narayi da Romi da Sabon Tasha shekaru fiye da talatin, ba mu taɓa buƙatar magana ba.

Yanzu ɗansa Clinton ne shugaban ƙungiya, yana kan kibod. Yaro mai hankali, ban ce a'a ba. Bayan sujada ya tara mu, ya ce ƙararmu ta yi yawa, mawaƙa ba sa jin kansu, masu hol ɗin biki suna ƙorafi. Daga yau babu sifika a kan dandamali. Kowa zai ji nasa a cikin kunnensa.

Ya miƙo mini wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanka ba. Ana maƙala shi a bel. Waya ta taso daga miksar Ifeanyi, mai haɗa mana sauti, ta shiga ta gindinsa. Iyafis, abin sa wa a kunne, ya fito ta kansa ya rabu biyu, ɗaya na dama, ɗaya na hagu. Akwai ɗan abin murɗawa na ƙara murya da ragewa, akwai batir. Iyakarsa ke nan.

Na ce, "Clinton, Ɓauna mutum biyu ke ɗaukarta. Wannan ko agwagwa za ta haɗiye shi."

Ya ce, "Baba, ka gwada dai. Za ka ji kanka tas."

Na ce, "Na fi shekara sittin ina jin kaina, ban ji abin kirki ba."

Aka yi dariya. Na ƙara da cewa ba a haifi yaron da zai riƙa yi mini raɗa a kunne ina kiɗa ba. Wannan ba a yi masa dariya sosai ba.

Abin da ke gabana ɗaya ne. Auren Vicky, ƙanwar Clinton, ranar huɗu ga watan gobe, a Romi. George yana kwance a ciwonsa na ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Tagwai, ranar da za a shigo da yarinyar nan, kai za ka riƙe mata ƙasa." Riƙe ƙasa, haka muke kiran aikin mai bes. Na ce to. Da Ɓauna ko da sabulu, zan riƙe.

Matata Eunice har ta shimfiɗa wa Ɓauna ƙyalle a falo ta ɗora mata fulawar roba. Matar nan ba ta jira gawa ta yi sanyi.

Talata, 9 ga Satumba, bayan riyasal, wato gwajin kiɗa

Gaskiya ɗaya ce, abin yana fitar da sauti. Na ji bes ɗina tas, har da gogar yatsana a kan waya, abin da ban taɓa sanin yana da ƙara ba. Na ji ganga. Amma ta dama kawai. Na hagun shiru, ko tari. Na ce a raina, kayan arha, kuma tsoho aka zaɓa aka ba wa matacce.

Ba wannan ne ya dame ni ba ma.

Muna tsakiyar waƙa sai kowa ya tsaya. Cak. Kibod, ganga, jita, 'yan mata masu amshi, duka lokaci ɗaya. Ni kaɗai na zarce, gum gum gum, kamar akuyar da aka manta a kasuwa bayan an watse. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ƙifta ido. Aka sake daga farko, aka tsaya a wani wurin dabam, na sake zarcewa. Na buɗe ido tar ina kallon kowa. Ba mai kallon kowa. Duk sun sunkuyar da kai kamar masu jiran allura, amma sai su juya tare, su tsaya tare.

Ta yaya suke sani?

Na ga akwai makirfo na biyu kusa da kibod, Clinton na sunkuyawa yana motsa baki a kansa, ba a jin komai. Na ɗauka addu'a yake yi. Ubansa ma haka yake, in kiɗa ya lalace sai ya kama kiran Yesu.

Ban tambaya ba. Bayan maganar da na yi ranar Lahadi, da wane baki?

Laraba, da safe

Na hura iyafis ɗin, na goge shi da gefen riga, na buga shi a tafin hannu, na jona shi da rediyo. Hagu shiru. Eunice ta ɗiga jan farce a kan ɓangaren da ke aiki don kada in rikita su gaban Ifeanyi. Ta tsaya da kwalbar a hannu tana kallona kamar za ta ce wani abu. Sai ta ce koko zai huce.

Alhamis, 11 ga Satumba, da rana

Na hau keke na je shagon Ifeanyi a Sabon Tasha. Ya sa duka biyun a kunne, ya jona da wayarsa, ya kama kaɗa kai.

"Baba Tagwai, dis tin dey work o. Duka biyu, lafiya lau."

"Ɗaya."

"Biyu, Baba."

"Ifeanyi, tun da aka kafa kasuwa ka taɓa jin ɗan kasuwa ya ce kayansa ya mutu?"

Ya yi dariya har ya dafa kanta. Ya ce don darajar furfura ga sabo fil a leda, kada in ce Ifeanyi ya cuci tsoho. Na kawo gida, na gwada. Dama na magana, hagu shiru. Eunice ta sake ɗiga wa na daman ja.

Biyu a jere, kuma ɓangare ɗaya. Wataƙila kwali ɗaya ne, uwa ɗaya ta haife su.

A hanyar dawowa wata tatsuniyar kakata ta faɗo mini, can ƙauyenmu ta wajen Zonkwa. Wani mutum ne zakaransa ya daina cara. Ya yi masa kashedi, bai ji ba. Ya yanka shi ya ci, ya sayo wani. Shi ma bai yi cara ba. Ya yanka, ya sayo wani. Haka dai, har ya yi ƙiba. Na manta yadda ta ƙare. Na tuna dai muna dariya har kaka ta ce za mu tashi awaki.

Asabar, 13 ga Satumba, da magariba

Ba zan rubuta abin da ya faru ba.

Bikin cikar wata dattijuwa shekara saba'in ne, a unguwar Television. An yi shinkafa mai kyau. Yanayi ma ba laifi, hadari ya taso ya fasa.

To. Kiɗa ya yi daɗi, shi ne laifin. Na murɗa ɗan akwatin ya ƙara ƙarfi, na rufe ido kamar yadda na saba. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Da na buɗe, kowa a hol ɗin ya sunkuyar da kai. Fasto na tsaye da makirfo yana addu'a, ya ɗaga murya yana ƙoƙarin haye ni. Mai bikin ta rufe ido tana juya kafaɗa a kan kujera, ta rasa ko rawa za ta yi ko amin za ta ce. Na kama wayoyin da tafin hannu. Daidai nan fasto ya ce, "Ubangiji, ka ba mu kunnen ji," sai wani a baya ya ƙware da lemo.

Clinton bai dube ni ba. Yana ta naɗe waya.

Sun tsaya tare. Duka. Yaushe aka ce a tsaya?

Lahadi, bayan sujada

A bakin coci wani ya gaishe ni da "gum gum gum". Na ce masa amin.

Talata, 16 ga Satumba, da yamma

Ba a yi riyasal ba. Clinton ne ya zo gida da lemo a leda, ya durƙusa har ƙasa. Na san in yaro ya durƙusa haka, akwai wuƙa a aljihu.

"Baba, na yi maka wani laifi ne?"

"Kai za ka faɗa."

"Ranar Asabar na roƙe ka ka tsaya har muryata ta dishe."

"A ina ka roƙe ni?"

"A makirfon nan na kusa da ni. Na magana ne tsakaninmu. Duk mai iyafis yana ji, jama'a ba sa ji. Da shi nake cewa a juya, da shi nake cewa a tsaya."

Ashe ba addu'a ba ce.

Na ce, "To ni ba na cikin waɗanda ake yi wa magana. Ka tambayi Ifeanyi wa ya cire ni daga layin."

"Baba, da aka tashi na ɗauki akwatinka na sa a kunnena, na sa Ifeanyi ya yi magana. Na ji shi rangaɗau."

"Wato ƙarya nake yi."

"Ban ce ba. Kai dai ka ce ba yaron da zai yi maka raɗa."

Sai ya ɗago ya dube ni, wani irin kallo, ba na fushi ba. Ya ce, "Baba, ko dai..." Nan take Eunice ta faɗo falon da tire, ta ce Clinton ka rame, me Vicky ke ba ka, ci doyar nan tun da zafi. Ta tsaya a kansa sai da ya cika baki. Maganar ta mutu cikin doya.

A bakin ƙofa ya faɗi abin da ya kawo shi, idonsa a kan takalmina. Auren Vicky ba wurin gwaji ba ne, dangin miji daga nesa za su zo. In abin ya sake faruwa ranar Talata mai zuwa, shi zai riƙe bes ɗin da hannun hagu a kan kibod.

Hannun hagu. Hannun da ko tuwo ba a ci da shi. Shi zai riƙe wa 'yar George ƙasa.

Alhamis, da hantsi

Na zauna na jera abin. Ko dai Ifeanyi yana rage ni daga miksa in an fara, ya mayar in an tashi. Amma don me? Ban taɓa shiga gonarsa ba, sai zolaya. Ko dai Clinton ya gaji da tsoho yana neman hanyar da ba za a ce ya kori abokin ubansa ba. Amma yaron nan a kafaɗata ya yi barci ranar da aka binne uwarsa. Ko dai sun haɗa baki su duka, har da 'yan matan amshi. Amma Debby, babbarsu, ko asirin miyar gidansu ba ta iya riƙewa.

Kowace hanya na bi sai ta dawo da ni ƙofar gidana.

Na ce bari in haddace inda ake tsayawa a kowace waƙa. Ba ya yiwuwa. A biki jama'a ke yanke tsawon waƙa. In rawa ta kama, a ƙara. In kakar amarya ta gaji, a datse.

Na cire fulawar daga kan Ɓauna na jingina da ita a kashe. Eunice ta gani, ta wuce.

Asabar, 20 ga Satumba, da azahar

Na kwanta hutun rana ana ruwa, kwano na ta kiɗa. Na juya kan dama, ruwan ya ɗauke. Na ce madalla, bari in tashi in duba kaji. Na ɗago kai, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Na koma, ya ɗauke. Ruwan bana ba shi da alƙibla.

Litinin, da safe

Ɗaki na warin jan farce. Faratan Eunice kuwa fari fat. Gobe Talata.

Talata, 23 ga Satumba, bayan riyasal

Na sa mai jan a dama kamar kullum, ɗayan a hagu, na maƙala sabulun a bel.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsattsagar masara a faranti. Na waiga ina neman kazar. Sai murya, a tsakiyar kaina: "Wan, tu, tiri, fo." Saura kaɗan jitar ta suɓuce mini. Muryar Clinton ce, kusa, har ina jin numfashinsa.

Aka shiga waƙa. Bes ɗina kuwa babu. Ina ganin yatsuna na tafiya, ina jin wayoyin na rawa a ƙirjina, amma ba sauti. Ga kaza, ga murya, babu ni. Na ce to yau kuma wane salon mugunta ne wannan. Na ci gaba da yatsu kawai, sun san hanya kamar jakin mai itace.

Muryar ta ce, "Amshi sau biyu, sai mu tsaya."

Can ta sake, a hankali: "Saura ɗaya. Baba, saura ɗaya."

Sai ta ƙara raguwa, irin ta wanda ya daɗe yana ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba: "Baba, don Allah. Don girman Allah, Baba. Don Vicky."

Na tsaya. Cak. Tare da kowa.

Wurin ya yi tsit. Debby ta rangaɗa guɗa. Clinton ya kifa kai a kan kibod har ta yi wata irin ƙara.

Wato haka yake faɗa tun ranar farko. A Television ma, ina gum gum gum a kan addu'ar fasto, haka yake faɗa.

Suna ta murna, ni na zare duka biyun na kai su bakin taga. Jan da ke kan wannan sabo ne, yana sheƙi. Ɗayan kuma an kankare shi, amma akwai ɗan sauran ja a cikin tsagar. An sauya musu alama. Na sa kankararren a dama, na taɓa waya: bes, tas. Na cire na sa mai sabon jan a dama: kaza da murya. Ifeanyi ya raba kayan ne, kiɗa ta wannan, magana da ƙwas-ƙwas ɗin ƙirga bugu ta wancan. Na gwada su a kunnen hagu, ɗaya bayan ɗaya: shiru.

Duka biyu suna aiki. Ifeanyi bai yi ƙarya ba.

Na naɗe wayar a hankali. Na yi musu sallama na tafi gida.

Laraba

Ban fita ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, da rana

Na tuna ƙarshen tatsuniyar. Mutumin ya cinye zakarun ƙauyen saura ɗaya. Ranar da zai yanka na ƙarshen, maruru ya fito masa a kafaɗa, dole ya kwana ta ɗaya gefen. Da asuba ya ji cara har ɗakin na amsawa. Kaka takan ce bai yi wa kowa magana ba, ya dai fita ya watsa wa zakaran dawa.

Muna yara mun ɗauka labarin dariya ne.

An ce kunne ya girmi kaka. To, ba mamaki ya riga ni tsufa.

Ban tambayi Eunice ba. Ba ta faɗa ba. Ta dai sa mini nama biyu a miya.

Juma'a, 26 ga Satumba, da la'asar

Mun je inda muka je.

Sun sa ni a wani ɗan ɗaki kamar na kwanan kaji, suka ɗora mini abu a kai, wai in danna in na ji. Wani lokaci na danna. Wani lokaci na zauna ina jira, ina kallon likitar, wata mata, ta cikin gilashi, ita ma tana kallona, ta rubuta wani abu. Ta tambayi sana'ata. Ta tambaya ta wane gefe sifika ke tsayawa, ta wane gefe mai ganga yake. Na faɗa. Ta ce, "To." Akwai wata kalma da ta faɗa, ba zan ba ta masauki a nan ba. Ta ce kunnen da ya saura a lallaɓa shi kamar ƙwai, ban da murɗa abu har ƙarshe.

Ta tambayi Eunice tun yaushe. Na buɗe baki zan ce makon jiya. Eunice ta riga ni: "Tun kafin George ya kwanta."

A cikin keke na lura ta zauna a damana. Da muka sauka ta zagayo ta bayana ta dawo dama. Sai abubuwa suka fara zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. Shekarar da ta ce iskar taga na damunta muka yi musayar gefen gado. Bencin coci, da ta ce ta fi son bakin hanya. Yadda in baƙo ya zo takan ja masa kujera ta wannan gefen ta ce can akwai rana.

George fa? Sandar nan da yake zunguro ni da ita. A farkon shekarunmu ba ya zunguri, cewa yake yi, "Tagwai, sauka." Yaushe ya daina cewa ya koma zunguri?

Kowa ya san gidana ya yi yoyo, suna ta tara kwanoni a ɓoye, ni ina yabon rufi.

Lahadi

Na je sujada ban hau dandamali ba. Clinton ya riƙe da hannun hagu. Ba laifi. Ba laifi ko kaɗan, abin da ya fi ciwo ke nan.

Litinin, 29 ga Satumba, da yamma

Na sa sabulun a leda na kai musu coci, suna gwada kaya shi da Ifeanyi. Na ajiye a kan kibod.

Na ce, "Ga kayanku. Ifeanyi, na zage ka a banza. Clinton, ka riƙe wa ƙanwarka ƙasa. Hagun nan ya yi ritaya bai ba ni takarda ba."

Clinton ya kalli ƙasa. Ifeanyi ya sosa ƙeya, ya ɗauki akwatin, ya buɗe murfin batir da farce. Akwai wani ɗan makunni a ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya tura shi gefe.

"Baba, wannan sunansa mono. Yana haɗa na dama da na hagu ya zuba su wuri ɗaya. Duk abin da ke nan, yana nan."

"Tun ranar farko yana ciki?"

"Yana ciki."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kai ka ce kayana ya mutu, Baba. Ba ka ce..." Ya haɗiye sauran. Yaron kirki.

Na sa a dama. Ga bes, ga ganga, ga jita, ga mata uku, ga kaza, ga Clinton, duk a rami ɗaya kamar tashar mota ranar jajibirin Kirsimeti. Na ce su kashe, kaina zai tsage. Ifeanyi ya ce ai ba dole sai an zuba komai ba, in faɗi abin da nake buƙata kawai. Na yi tunani. Na ce a bar mini bes, da babbar ganga ta ƙafa, da bakin yaron nan. A yanka kazar.

Ya rage, ya rage, har ya saura mu uku. Na ji sarari.

Clinton ya murɗa abin muryar ya tsayar ƙasa da rabi, ya yago salatif ya liƙe shi. Na ce wa ya aike ka. Ya ce Mama Eunice ta kira shi a waya. Na hagun kuma ya ce in riƙa sa shi duk da haka, ya toshe ƙarar ganga.

Ban ce na yarda ba. Na dai ɗauki ledata na dawo da ita.

Talata, bayan riyasal

Na tsaya a duk inda aka tsaya. Amma kiɗan ba shi da gindi. Ina jin bes a kai, ba na jin sa a ƙashi. Kamar mutum na cin tuwo a mafarki. Sau biyu na ja baya, sau ɗaya na yi gaba. Clinton bai ce komai ba a makirfo, na ji dai ya ja numfashi. Da can ba na jin wannan. Ban san ko riba ce ba.

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da hantsi

Na tarar Eunice ta cire fulawar da ƙyallen da kanta. Ta ce, "Baban Becky, likita ta ce ban da kunne. Ba ta ce ban da ƙafa ba."

Mun kwantar da Ɓauna rigingine a tsakar falo. Na murɗa ta ƙasa ƙasa, yadda ko kajin tsakar gida ba su ɗago kai ba. Na cire takalmi na ɗora tafin ƙafa a kan katakonta, na taɓa babbar waya.

Ta hau ta dunduniya, ta bi ƙwauri, ta zauna a kwankwaso.

Na kira Clinton. Ya ce masu hol sun ce babu sifika a dandamali. Na ce ba sifika ba ce, matakin ƙafar tsoho ne.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da la'asar

An yi.

Na hau dandamali da kwat, da takalmi ɗaya. Ɗayan yana ƙarƙashin kujera da safa a ciki, ƙafar kuma tana kan Ɓauna. Wata daga dangin ango ta tambayi Debby ko al'adarmu ce, Debby ta ce ƙwarai, sai manya.

Da aka zo shigo da amarya muryar ta ce, "Baba, kai kaɗai za ka fara. Mu sai ta iso tsakiya." Ba mu yi haka a riyasal ba. Na so in waiga in harare shi, sai ƙofa ta buɗe.

Na fara. A hankali, irin tafiyar George in ya ci ya ƙoshi. Vicky ta sako ƙafa a kan bugun farko, ta ɗora ta biyu a kan na biyu. Kafaɗunta na ubanta ne, ban taɓa lura ba sai jiya. Ban rufe ido ba. Ko da na so, sun cika da ruwa, rufewa zubarwa ne. Ta iso tsakiya, ganga ta faɗo, hol ya tashi.

An ƙara amshi, an sake ƙarawa, kakar ango ta ƙi zama. Can muryar ta ce, "Saura ɗaya." Ba ta ce don Allah ba. Na tsaya tare da kowa. A cikin shirun nan, kafin tafi ya ɓarke, na ji ya ce a hankali, "Ka riƙe, Baba." Ina jin ya manta Ifeanyi da sauran duk suna ji. Ko bai manta ba.

Ban san ko zan kai Kirsimeti a dandamali ba. Likitar nan ta ce in koma bayan wata uku. Ba na son in yi tunanin abin da za ta rubuta.

Da aka tashi ina zaune ina neman safata, Eunice ta zo ta tsaya a haguna. A haguna, ita da ta yi shekaru tana zagaye. Ta sunkuyo daf da kunnen, na ji ɗumin numfashinta, na ga gefen bakinta na motsi. Ta daɗe. Ta miƙe tana gyara ɗankwali.

Na juyo mata da na daman na ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "Ba da kai nake ba."

"Da wa kike?"

"Da shi. Mun daɗe muna hira ni da shi. Ba ya musu, ba ya kai gulma."

Na ce to ta maimaita ko rabi ne a wannan gefen.

Ta ce, "Sa takalminka, Baban Becky. Mutane na kallo."